Karen da Ke Ɗaure a Bayan Gida: Me Yake Bin Mai Shi?

 

A cikin bisashen da Bahaushe ke zaune da su babu wanda ake mora kuma ake jin kunyarsa kamar kare. Doki yana da kirari. Rago ana yi masa wanka ana kai shi inuwa. Ko jaki, da ya sha gori, in ya dawo daga rijiya ana zuba masa dussa. Kare kuwa sunansa ma zagi ne, duk wanda aka kira da shi sai an yi rabon faɗa. Amma in dare ya yi aka rufe ƙofa, shi ne ke kwana ido biyu domin masu gida su yi barci. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: halittar da ta yi wa mutum hidima, ba ta da bakin kai ƙara, ba ta da dangin da za su bi mata kadi, shin tana bin sa bashi? In tana bin sa, na mene ne, kuma wa zai karɓa mata?

In aka zauna da masu karnuka za a tarar bakinsu ba ɗaya ba ne. Mahalbi a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram yana ɗaukar karensa abokin aiki. Ya san wanda ya fi hanci, ya san wanda ya fi gudu, ya san wanda ke tsoron ƙaya. In an kama zomo, kayan ciki na kare ne, ba a musu a kai. Sai dai da yawa daga cikinsu sun yarda cewa ƙoshi yana kashe zuciyar kare, don haka ana rage masa abinci in fita ta gabato. Arewa da Tawa, a kwarin Azawak, Abzinawa suna da wani kare siriri mai dogayen ƙafafu da suke kira oska, wanda ke tsaron zango da garke, yana kuma korar barewa da zomo. Ba a ganinsa abin ƙyama a wurinsu, yana kwana kusa da tanti, yana cin abin da mutanen zango suka ci. A shekarun 1970 Turawa suka fara kai irinsa ƙasashensu, suka raɗa masa sunan kwarin, yau ana kai shi gasar karnuka a Faransa da Amurka.

Mai gida a birni, a Yamai ko Maraɗi, ra'ayinsa dabam ne. Tsoron ɓarawo ya sa ya nemo kare, ba sha'awa ba. Abin da ya ji daga bakin mutane shi ne kare in ya saba da jama'a ya daina haushi, in ya ƙoshi sai barci. Saboda haka sai a ɗaure shi da gajerar sarƙa a lungun da ba mai zuwa, a jefa masa ƙanzo in an tuna, a sake shi da dare, wani gidan ma ba a sakinsa. Sannan ga samarin zamani da suka ga yadda ake yi a intanet: suna sayen kwikwiyon ƙasar waje da jikkuna masu yawa, suna yi masa wanka da sabulun kansa, suna ɗaukar hoto da shi su sa a Facebook. Kowane daga cikin waɗannan yana da hujjarsa, kuma kowane yana ganin na kusa da shi ne ya kauce.

Bayan su duka akwai wanda ba ya kiwon kare, wanda jawabinsa kalma ɗaya ce: najasa. Da wannan kalma ake rufe magana, da ita yaro ke halatta wa kansa jifa, da ita babba ke kau da kai in ya ga kare na mutuwa da ƙishirwa. To, ya kamata a duba ta da kyau, domin mutanen wannan ƙasa mazhabar Imamu Malik suke bi, kuma abin da ake karantawa a zauruka bai ce haka ba. A Iziyya da Muhtasar na Shehu Halilu hukuncin a fili yake: duk mai rai tsarkakke ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa, ba a cire kare ba. Umarnin da ya zo a hadisi na wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a cikinta, malaman Malikiyya sun ɗauke shi ta'abbudi, wato bin umarni ne ba don an hukunta cewa bakin kare najasa ba ne. An ruwaito Imamu Malik yana mamakin yadda za a ƙyamaci yawun dabbar da Allah Ya halatta cin abin da ta kamo da bakinta. Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) karnuka suna shiga masallaci suna fita, ba a yayyafa ruwa saboda haka. Shafi'iyya sun tafi a kan cewa najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa, kuma su ma malamai ne masu hujja. Amma ko a wurinsu hukuncin ya tsaya ne ga ƙwarya da tufa. Babu mazhabar da ta ce najasa tana halatta zalunci.

Fariduddin Attar ya kawo labarin Abu Yazid al-Bisɗami, Allah Ya ƙara masa yarda, a littafinsa na tarihin waliyyai. Ya haɗu da kare a ƙuntatacciyar hanya sai ya tattare rigarsa. Aka ba kare harshen hali ya nuna masa cewa in jikinsa a bushe yake babu abin da ya faru, in ma a jiƙe yake ruwa da ƙasa sun isa su shirya tsakaninsu, amma wannan ɗaga kai da ya sa aka janye riga, ruwan tekuna ba zai wanke shi ba. Ma'abota tarbiyya suna yawan kawo wannan labari, kuma ya cancanta. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne Abu Yazid bai doki karen ba, bai jefe shi ba, riga kawai ya janye, duk da haka aka yi masa gyara.

Wani zai ce: ai hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya ko biyu daga ladansa kullum, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Haka ne, hadisan sun inganta, babu mai wasa da su. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ta bi wannan, har ta ƙara sharaɗin cewa farautar ta zama ta neman abinci ba ta wasa ba. Masu sharhin Risala kuma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa da ra'ayin Malik, ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki zai ajiye. Daga nan malamai da dama suka ga halaccin karen tsaron gida in akwai buƙata ta gaskiya. Wannan yana faɗa wa saurayin da ya sayi kare don hoto cewa ya sake tunani. Yana kuma faɗa wa mai gidan da ya ajiye shi don buƙata wani abu da ya fi nauyi: shari'a ta ba shi izini ne saboda aikin da karen ke yi masa, kuma wanda ya karɓi aiki ya ɗauki nauyin ma'aikaci.

Nauyin yana farawa ne daga sarƙa. Karen da ke yawo a gari yana da wahalarsa, amma yana da ƙafa: in ƙishirwa ta kama shi zai nemi bakin famfo ko tabki, in rana ta yi zafi zai shige ƙarƙashin amalanke. Ranar da aka sa masa sarƙa, duk ƙofofin da Allah Ya buɗe masa na neman abinci an rufe su an bar ɗaya, ita ce hannun mai gida. Wannan shi ne ainihin laifin matar da hadisin Buhari da Muslim ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ke da kare a ɗaure ya auna kansa da waɗannan sharuɗɗa biyu, domin babu na uku.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Tawa yana wuce maki 40. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa ake ganinsa da harshe a waje, kuma wannan haki ruwan jikinsa yake ci. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratul A'arafi, aya ta 176, inda aka buga misali da shi ga mutumin da aka ba ayoyi ya saɓule daga gare su. Wasu suna karanta ayar kamar zargi ne ga kare. Zargin na mutumin ne. Haki ga kare halitta ce da rahama, ga wanda aka ba ilimi ya bi son rai kuwa ƙasƙanci ne. Karen da aka ɗaure a jikin katangar siminti da ta sha rana, kaskonsa a bushe tun hantsi, yana iya mutuwa kafin la'asar, masu gida suna ɗaka suna ƙailula.

A kan wannan ƙishirwa ce hadisai biyu da kowane ɗalibi ya sani suka zo. Ɗaya na matafiyin da ya sauka rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki har ya hau, ya shayar da shi, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Ɗayan na wata karuwa daga Banu Isra'ila da ta yi irin wannan aka gafarta mata. Sahabbai suka yi mamaki suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka amsa musu cewa akwai shi a kan duk mai ɗanyar hanta. Wanda ya san zurfin rijiyoyin Damergu ko Adar ya san abin da sauka ta biyu take nufi. Kuma a lura: karen ba nasa ba ne, bai taɓa yi masa gadi ba, ba zai sake ganinsa ba. In wannan ne sakamakon wanda ya shayar da karen da ba ya bin sa komai, sai a yi tunanin matsayin wanda ya bar nasa da ƙishi.

Sai batun horo, inda masu karnuka suka fi saɓani. Masu cewa sai da duka da yunwa suna kafa hujja da abin da ido ya gani: karen da aka azabtar yana da zafi. Gaskiya ne, amma zafin tsoro ne, kuma kare mai tsoro ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo bara ko jikan mai gida da ya rarrafa kusa da shi. Abin da aka samu ba mai gadi ba ne, haɗari ne a ɗaure. Alƙur'ani da ya zo kan karnukan farauta a Suratul Ma'ida, aya ta 4, da lafazin koyarwa ya zo, har ya danganta abin da ake koya musu ga ilimin da Allah Ya sanar da mutum. Malaman fiƙihu suka ce alamar horarren kare ita ce in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Mafi yawansu suka ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ya nuna cewa in ya ci to don kansa ya kama, ko da yake Malikiyya ba su sa wannan sharaɗi ba. Tsayawa in an kira, alhali zomo na gabansa, ba abin da bulala ke koyarwa ba ne. Tsoffin mahalba sun san haka: da maimaici ake samunsa, da murya ɗaya da ba ta canzawa, da ɗan abin da ake miƙa masa nan take in ya yi daidai, tun yana kwikwiyo.

A nan ma'abota tasawwufi suka ga abin da ya ja hankalinsu. Karnuka biyu, jinsi ɗaya, haƙora iri ɗaya, su kashe zomo iri ɗaya: abin da horarre ya kashe bayan an ambaci sunan Allah an sake shi halal ne, abin da ɗaya ya kashe don kansa mushe ne. Babu abin da ya raba su sai tarbiyya da kamawa domin wani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kwatanta hankali da mahayi da ya fita farauta, sha'awa dokinsa, fushi karensa. In sun horu ya dawo da nama, in ba su horu ba su jefa shi rami. A wani wurin cikin Ihya'u ya ce zuciya ɗaki ce da mala'iku ke sauka, hasada da girman kai da fushi kuwa karnuka ne masu haushi a cikinta. Bai ce a kashe karen ba, cewa ya yi a hore shi, domin wanda ba shi da fushi gaba ɗaya ba zai kare gaskiya ba.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan kyakkyawan misali. Yana da sauƙi muridi ya kwana yana zancen karen nafsu a zawiya, ya manta da mai ƙafa huɗu da ke bayan ɗakinsa. Akwai halaye goma na kare da ake jingina wa Hasanul Basari, waɗanda aka ce ya kamata mumini ya koya: yawan zama da yunwa, ƙarancin barcin dare, yarda da mafi ƙasƙancin wuri, rashin barin gado, da rashin rabuwa da mai shi ko ya doke shi. Ana karanta su ana girgiza kai. Amma wanda ya karanta cewa kare ba ya gudun mai dukansa, sannan ya ɗauki hakan izinin duka, ya karanta ta baya. Haƙurin wanda ake zalunta darasi ne ga mai kallo, ga azzalumin kuwa ƙarin hujja ne a kansa. Shehu Ahmadu Rifa'i, da ya rasu a 578, bai tsaya ga misali ba. Littattafan tarihinsa sun kawo cewa mutanen garinsa sun kori wani kare mai ƙazuwa zuwa bayan gari, shi kuwa ya bi shi, ya yi masa rumfa, ya riƙa shafa masa mai yana ciyar da shi kwana arba'in har ya warke.

Jinƙai ga kare kuma ba ya cika sai an haɗa da jinƙai ga maƙwabci, kuma a nan ne maganar ta fi tsanani. Ciwon haukan kare, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu daga cizon kare ya samo shi. In alamomin ciwon suka bayyana, tsoron ruwa da firgita, da wuya a tsira. Amma tsakanin cizo da bayyanar alamomi akwai lokaci, kuma tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a kan wani yaro a Faransa aka san cewa ana iya riga ciwon. Abin da ake so shi ne a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Tofi da addu'a ba sa hana tafiya asibiti, a yi su a kan hanya. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi, ciwon yana yankewa. Mai karen da ya ƙi kai shi wurin likitan dabbobi don ƙyashin kuɗi kaɗan, sannan ya bar shi yana yawo inda yara ke wasa, ya sa ran ɗan wani a cikin caca.

Karen da ya haukace ko ya zama mai cizon mutane, shari'a ta ba da izinin kashe shi, yana cikin abubuwa biyar da hadisi ya ce ana kashewa ko a cikin Harami. Amma hadisin da ya wajabta kyautatawa a kan komai ya ambaci kisa da sunansa. Taron yara da duwatsu, ko guba da ake jefawa a titi wadda ke kashe mai laifi da marar laifi cikin murƙususu, har ungulu da kyanwa su samu rabonsu, ba kyautatawa ba ne. Manzon Allah (SAW) ya taɓa ba da umarnin kashe karnuka a Madina sannan ya janye shi, ya bayyana cewa su al'umma ce daga cikin al'ummai, daidai da abin da Suratul An'ami, aya ta 38, ta faɗa game da dabbobi da tsuntsaye. Waƙidi ya kawo cewa a kan hanyar buɗe Makka, shekara ta 8, rundunar ta iske wata karya tana shayar da ƴaƴanta a bakin hanya, sai ya sa wani sahabi ya tsaya a kanta don kada wani ya taɓa su. Wanda karyarsa ta haihu yake tunanin zuba ƴaƴan a buhu ya jefa bola, ya kwatanta uzurinsa da na mai jagorantar runduna dubu goma.

Ɗaya gefen ma yana da nasa. A wasu gidajen manyan birane abin da ake kashewa kan abincin karen waje a wata ya fi albashin mai gadin da ke zaune a ƙofa, kare yana cin nama, mutumin yana jiran ragowar tuwo. Wannan ba yawan jinƙai ba ne, jinƙai ne da ya ɓata hanya. Haka masu tara karnuka su haɗa su faɗa don kallo ko caca, alhali hani ya zo a kan zuga dabbobi su yi faɗa da juna.

Wurin da ake gane gaskiyar mai kare shi ne ranar da amfani ya ƙare. Karen farauta ƴan shekaru yake yi yana gudu, sannan ƙafa ta yi nauyi, haƙora su zube, kaska ta cika kunne. Nan mahalba suke rabuwa biyu. Wasu su ce ba a ciyar da bakin da ba ya kawo komai, a raka shi daji a baro shi. Wasu su bar shi yana kwance a gindin rumbu, ana jiƙa masa tuwo da ruwa don ya iya haɗiya. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ake kira sarkin malamai, ya rasu a Misira a 660, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce. Na farko da ya ambata shi ne mai dabba ya ciyar da ita gwargwadon abin da irinta ke buƙata, ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba za a ƙara morar ta ba.